Gari Ma Yana da Tsakar Gida

Duk maginin da ya san aikinsa, idan aka nuna masa fili aka ce ya fitar da gida, abin da zai bari babu gini yake fara dubawa. Zai tsayar da zaure a bakin hanya, ya ja katanga, ya jera ɗakuna a gefe, ya ware wa rumbu da madafa da makewayi wurarensu, sannan ya bar tsakiya fayau. Wanda bai san kan gida ba sai ya ɗauka an yi asarar ƙasa, alhali a wannan filin da aka bari gidan yake rayuwa. Nan ake kafa turmi, nan ake shanya dawa da kuɓewa da barkono, nan yaro yake koyon rarrafe da tatata. Ranar suna ko biki nan mata suke cika. Idan bazara ta kankama ɗaki ya ƙi kwantuwa, nan kowa yake fito da tabarmarsa. Babu mai iya cewa tsakar gida tasa ce, amma babu ɗakin da zai zaunu in babu ita.

A gidan gandu ba a taɓa wayar gari a tarar an sace tsakar gida. Da kaɗan-kaɗan take tafiya, kuma kowane taku da hujjarsa. Babban ɗa zai yi aure, ya durƙusa gaban maigida ya ce, "Baba, ɗan ɗaki ɗaya nake so in fitar ta wajen rumbun can." Maigida ya ce, "Allah ya sanya alheri." Bayan shekara biyu ƙanensa ya zo da tasa buƙatar, kuma ba a hana ƙane abin da aka ba yaya. Uwargida ta ce a kewaye mata wurin awaki. Wani ya sayi babur ya kafa masa rumfa. Jika ya taso ya ce a fasa katanga a fitar masa da shago. A cikinsu babu wanda ya yi zalunci. Sai ran da za a yi taro a ga babu inda za a shimfiɗa tabarma goma. Ruwan sama ya rasa hanya ya koma ɗakuna, hayaƙin madafa ya rasa mafita, faccaloli su fara cacar baki a kan inda za a ajiye turmi, yara kuwa a kora su waje don sun dami mutane.

To, wajen da ake kora yaran nan shi ne abin dubawa, domin gari ma yana da tasa tsakar gidan. A Gwangwan da maƙwabtanta na ƙasar Rogo, irin su Zarewa da Fulatan da Beli da Zoza, har zuwa garuruwan Ƙaraye, duk wanda ya manyanta ya san wuraren da ba na kowa ba kuma na kowa. Akwai dandali, inda 'yan mata suke gaɗa da farin wata, samari suna langa da kokawa. Akwai gindin durumi ko cediya, inda dattawa suke dara bayan la'asar. Akwai filin idi, da filin makarantar firamare da yake zama filin ƙwallo da an tashi, da bakin rafi, da burtali, da hurumin bayan gari. Bayan kaka, idan amfani ya shiga rumbu, a irin waɗannan wurare ake kalankuwa da dambe. Ba wanda ya kira su wuraren shaƙatawa, ba wanda ya sa musu ƙofa ko ya yanki tikiti. Amma aikin da manyan biranen duniya suke kashe maƙudan kuɗi don lambunansu su yi, shi waɗannan filaye suke yi mana kyauta.

Yadda tsakar gida take ƙarewa, haka su ma suke ƙarewa. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 220,000 a ƙaramar hukumar Rogo, Ƙaraye kuma sama da 140,000. Jariran da aka haifa a shekarar sun isa aure yau, kowanne yana neman inda zai kafa nasa gidan. Ƙasar kuwa mai albarka ce, ta masara da dawa da rake, saboda haka kowane taku yana da daraja. Sai gonar bakin gari ta koma filoti ta hanyar awon igiya, dillali ya yanka ta tas, ko hanyar kirki bai bari ba balle filin wasa. Sai wani ya je gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, gefen dandalin nan ai ba a komai da shi, a ba ni in kafa injin niƙa, jama'a ma za su amfana." Gaskiya ya faɗa, za su amfana. Gobe mai cajin waya ya zo, jibi mai sayar da fetur a galan. Maƙwabcin burtali ya ƙara kunya biyu a bana, baɗi ya ƙara uku. Tsohuwar tsamiya a sayar wa masu gawayi. Ba ranar da za a nuna a ce yau aka rasa dandali, sai dai a lura wata rana yara sun koma buga ƙwallo a kan titi, suna kaucewa babura.

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya ya shiga birnin Kano. Kududdufan da suke shanye ruwan damina an cike da yawansu an yi gini, yanzu ruwan yana bin lunguna yana shiga gidaje. Badala ta sha gutsura daga ciki da waje. Har filin idi na Ƙofar Mata sai da shaguna suka kewaye shi. A watan Yunin 2023 gwamnatin jiha ta rushe waɗannan shaguna tare da wasu gine-ginen da ta ce a filayen jama'a aka yi su. 'Yan kasuwar suka garzaya kotu, babbar kotun tarayya ta yanke hukuncin a biya su diyyar naira biliyan 30. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya a wannan rikici, darasin ɗaya ne. Hana ɗa ya fitar da ɗaki a tsakar gida magana ce ta yini guda, ya yi fushi ya huce. Rushe ɗakin bayan ya sa amarya a ciki kuwa gaba ce da za ta kai ga jikoki. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kuma garuruwanmu na yamma suna da sa'ar da birni ya riga ya rasa, domin har yanzu akwai filin da za a bari.

Kano ba ta rasa shugabannin da suka hango wannan ba. Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa Gidan Zoo a farkon shekarun 1970, lokacin da wurin yake bayan gari. Yau unguwanni sun kewaye shi ta ko'ina, kuma da ba a killace shi tun a lokacin ba, da babu ko bishiya ɗaya da za ta tsira a wajen. Duk wanda ya ga cincirindon yara a ƙofarsa ranakun Sallah ya san irin ƙishirwar da ake yi. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka yi masaukin baƙi a bakin ruwan Bagauda, wanda daga baya ya koma reshen makarantar horar da lauyoyi. Sai dai yaron Gwangwan ba zai yi doguwar tafiya zuwa Kano duk yamma don ya sami inda zai yi gudu ba. Gidan Zoo kamar gidan biki ne, ana zuwa sau ɗaya a shekara da sababbin kaya. Abin da yaro yake buƙata kullum shi ne filin da zai taka da ƙafa ya je, ya dawo kafin magariba.

Na san abin da wani zai ce. Mutanen da suke fama da tsadar taki, da hanyar da take cin mota da damina, da asibitin da ba magani, su za a yi wa zancen wurin hutawa? Ai wannan zancen masu ƙoshi ne. Amma a duba da kyau a ga wa ya fi buƙata. Mai hali yana da faffaɗan gida da bishiyoyinsa da janareto, in zafi ya dame shi ya kunna fanka. Talakan da gidansa ya cushe, shi ne ba shi da inda za shi a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. A garin Birkenhead na Ingila, tsallaken kogi daga Liverpool, an buɗe lambun jama'a a 1847 da kuɗin hukuma, a lokacin da ma'aikata suke cunkushe a ƙananan gidaje, kuma daga can wanda ya tsara babban lambun tsakiyar New York ya ɗauki darasi. A Alƙahira, lambun Al-Azhar da aka buɗe a 2005 a kan juji aka yi shi, jujin da aka shafe kusan shekara 500 ana zuba masa shara, a jikin unguwannin talakawa. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka sun gane cewa inda gidaje suka fi matsewa, nan aka fi buƙatar fili.

Wani kuma zai ce irin waɗannan wurare matattarar banza suke zama, a yi shaye-shaye, a yi cuɗanyar da addini bai yarda da ita ba. Wannan damuwa ce ta gaske, bai kamata a yi mata dariya ba. Sai dai a tambayi kowace uwa, a ina yaro yake ɓarna, a tsakar gida ko a bayan ɗaki? A tsakar gida idon kaka yana kansa, na gwaggo yana kansa, ko kishiyar uwa ta gan shi zai taɓa wuta za ta daka masa tsawa. Ɓarna a kango take, da lungu, da bayan makaranta in dare ya yi. Filin da yake a sarari, da fitila, dattawa suna zaune a gefe guda, mai ƙosai tana gefe guda, shi ne wurin da mai mugun nufi ya fi gudu. Idan aka hana samari filin da ake ganinsu, ba zama za su yi a ɗaki ba, wurin da ba a ganinsu za su nema. Kuma keɓe ƙasa don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakan musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen ƙasa. Don kiwo aka yi waɗancan, amma ƙa'idar ɗaya ce: akwai ƙasar da shugaba yake tsarewa don kada mai ƙarfi ya mallake ta shi kaɗai.

Akwai kuma waɗanda ba a cika sa su a lissafi ba. Magidanci yana da majalisa da teburin mai shayi. Saurayi yana da gidan kallon ƙwallo. Yarinya fa, tun da dandali ya mutu? Matar aure fa, wadda duk duniyarta ta yini ita ce tsakar gida, ga shi tsakar gidan tana tsukewa shekara bayan shekara? Tsoho mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya ce ya riƙa tattaki, a ina zai yi, a kan titin da manyan motoci suke ɗaukar hatsi? Duk filin da za a tsara, in bai ware wa mata da ƙananan yara ɓangarensu mai shinge da inuwa da makewayi ba, rabin gida aka yi wa aiki.

Babbar tsakar gidan wannan yanki kuwa tana bakin ruwa. Ba mu da teku, amma muna da madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa ya kusa kilomita 8, kuma in ta cika tana riƙe ruwan da ya kai kubik mita miliyan 900. Ruwan da ake saki daga nan yana taimaka wa birni da abin sha, ya gangara har kwarin Haɗeja. Ga kuma madatsar Kusalla a ƙasar ta Ƙaraye. Masunta da masu noman rani suna cin arzikin waɗannan ruwaye, yara kuma suna zuwa wanka ko an hana su ko ba a hana ba. Tunda zuwan ba zai fasu ba, gara a tsara shi.

Mutanen Legas suna da labarin da za su ba mu a nan. Bar Beach shi ne bakin tekun da kowa yake zuwa a da, mai kuɗi da talaka. Teku ta yi ta cin gaɓar, daga baya aka cike wurin da yashi aka ɗora sabon birnin Eko Atlantic. Yau mafi yawan bakin ruwan da ake zuwa a Legas sai an biya kuɗin shiga. Bakin ruwa yana da farin jini, kuma ran da hanya ta yi kyau masu kuɗi suka waiwayo, gaɓar Challawa za ta yi tsadar da ɗan ƙauyen da ke kusa ba zai iya taka ta ba. Tun yanzu ya kamata ƙananan hukumomin biyu su zauna da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda take kula da madatsar, a keɓe wani yanki na gaɓar a rubuta cewa na jama'a ne.

Sai dai ruwa ba abokin wasa ba ne. Gidan da yake da rijiya a tsakiya, kafin yaro ya fara rarrafe ake yi mata murfi. Ba a manta da ranar 30 ga Nuwamban 2021 ba, da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Duk wurin hutawa a bakin dam dole ya zo da rigunan kariya daga nutsewa, da ƙayyade adadin mutanen da kwale-kwale zai ɗauka, da alamar inda zurfi ya fara. Sarkin ruwa da masunta sun fi kowa sanin halin ruwan, su ya kamata a ɗauka aikin tsaro a riƙa biyansu. Ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da yake kwance, abin da ya sa zama a inuwar gaɓa da kallon ruwa ya fi wa yaro alheri a kan shiga cikinsa.

Saura babbar tambaya, wadda kowace matar gidan yawa ta san nauyinta: wa zai yi shara? Tsakar gida ba ta mutuwa da gini kaɗai, tana mutuwa da ƙazanta. In kowace ta share ƙofar ɗakinta ta tura dattin tsakiya, kwana kaɗan wurin zai gagari zama. Shi ya sa gidajen da suke zaune lafiya suke raba kwanan shara, kuma akwai babba mai tsawatarwa in wata ta yi nawa. Ayyukan hukuma da yawa a nan suke faɗuwa. A yanka zare, a ɗauki hoto, a kafa lilo da fenti mai ƙyalli, bayan damina biyu lilon ya karye, fitila ta mutu, awaki su cinye dashen, wurin ya koma bayan gida.

Doka ba ta bar mu cikin duhu game da mai alhakin ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ginawa da kula da lambuna da wuraren hutawa da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da hanyoyi da magudanan ruwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin riƙe ƙasa a karkara. A ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A watan ne kuma dokar jiha ta tsayar da masarautar Ƙaraye a kan ƙananan hukumomi biyu, Ƙaraye da Rogo. Gida ne ɗan madaidaici, wanda sarki da hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi biyu za su iya zama a zaure ɗaya su yanke magana.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kwalbati biyu ba a kowane gari. A fara da awo: a zagaya dandali da filin idi da filin makaranta da hurumi, a kafa turakun siminti a iyakokinsu, a rubuta takarda da sunan al'ummar gari, kwafi ɗaya a sakatariya, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a hannun limamin Juma'a. Filin da ba shi da takarda, na wanda ya fi ƙarfi ne. Sannan a ɗora wa duk mai yanka gona filoti sharaɗin ya bar wani kaso babu gini, kamar yadda ake barin wurin masallaci. A dasa darbejiya don saurin inuwa, a haɗa da maɗaci da tsamiya da mangwaro don 'yan baya, a kewaye kowace da ƙaya har ta fi ƙarfin akuya. A sa famfon tuƙa-tuƙa, da makewayi, da fitila mai aiki da hasken rana, da 'yan dakali na zama. A ɗauki mai gadi ɗaya da albashi. Ƙungiyoyin matasa da kulob-kulob na ƙwallo su raba ranakun shara unguwa-unguwa. Masu sayar da rake da tsire da ƙosai su zauna a gefe da tebur, su riƙa ba da ɗan abin gyara, amma kada a yarda ko mutum ɗaya ya ɗora bulo, domin ɗakin farko shi yake buɗe wa na goma ƙofa.

Ga mai karatu na Gwangwan da kewaye, aikin daga kanka zai fara. A zaman majalisa ko bayan sallar Juma'a, ka tambayi mai unguwa da kansilan mazaɓarku ina iyakar filin da yaranku suke wasa, kuma da sunan wa aka rubuta shi. Idan amsar ita ce ba a rubuta ba, ku haɗa dattawa da matasa ku je gaban dagaci, a auna a kafa turaku kafin damina mai zuwa, a yi dashen da ruwan farko.